Rikicin Sinhala da Tamil a Siri Lanka: wai faɗan addini ne?

Tambaya: Malam don Allah a taimaka, furojet ɗina a kan rikicin Siri Lanka ne, na rubuta cewa tsohuwar gaba ce ta addini tsakanin mabiya Buddha da 'yan Hindu, sai malamin da ke duba ni ya dawo min da babin gaba ɗaya, ga lokaci na ƙurewa. Ina matsalar take?

Amsa: Kwantar da hankalinka, babin zai gyaru, amma malaminka ya yi daidai. Wannan magana ta "gabar shekara dubu" kullum sai an kawo min ita, daga bakin masu sharhin WhatsApp ake kwaso ta, kuma wallahi ta ishe ni. Gaskiya ne yawancin Sinhala mabiya Buddha ne, yawancin Tamilawa kuma 'yan Hindu, amma in addini ne, ina za ka kai kiristocin da ke ɓangarorin biyu? Wurin bauta na Kataragama 'yan Buddha da 'yan Hindu duk suna zuwa ziyara har gobe, sannan sarakunan ƙarshe na masarautar Sinhala ta Kandy kafin Turawan Ingila su ci masarautar a 1815 asalinsu ma daga kudancin Indiya suke. Haɗarin wannan magana shi ne tana wanke 'yan siyasa tas, a ce wai abin a jini yake.

Bi shekarun ka gani. Zamanin Turawa 'yan mishan sun cika Jaffna, cibiyar Tamilawa a arewacin ƙasar, da makarantu, Tamilawa suka yi boko suka samu aikin gwamnati fiye da yawansu, Sinhala masu rinjaye, wajen kashi 70 a lokacin, suna ganin an danne su. Ana samun 'yanci a 1948 aka hana Tamilawa leburorin gonakin shayi zama 'yan ƙasa. A 1956 Bandaranaike, ɗan siyasar Sinhala, ya ci zaɓe ya zama firaminista da alƙawarin Sinhala kaɗai ne yaren gwamnati, ya kuwa cika, ma'aikaci Batamile ko ya koyi Sinhala ko ya manta da ƙarin girma. Ya ƙulla yarjejeniya da Chelvanayakam, jagoran Tamilawa, a 1957, da matsin lamba ya yi yawa ya yage ta. Farkon shekarun 1970 kuma aka ɗaga wa ɗaliban Tamil makin shiga jami'a, ka ga yaro ya ci jarrabawa ba gurbi ba aiki, irin waɗannan samarin Prabhakaran ya samu da ya kafa LTTE, ƙungiyar 'yan tawayen Tamil masu neman ɓallewa, a 1976. Aka ƙone laburaren Jaffna a 1981, sai Yulin 1983 da LTTE ta kashe sojoji 13 aka far wa Tamilawa a Kolombo, yaƙi bai tsaya ba sai Mayun 2009.

Addini ya shigo, ban musa ba, tsarin mulkin 1972 ya fifita addinin Buddha, amma a bayan harshe da aiki da ƙasa za ka sa shi. Kar kuma ka maida LTTE waliyyai, su ne suka kori musulmi daga Jaffna a 1990, alhali musulmin nan Tamil suke yi a gidajensu. Je ka sake babin daga 1948.