Babur biyu da balas, ko ɗaya da takardu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Kantin Kwari, ina sayar da atamfa da leshi da shadda. Yanzu kusan rabin cinikina ta WhatsApp yake zuwa, sai in ba ɗan adaidaita ya kai gidaje ko tasha, kuma kuɗin yana cinye min riba. Na tara naira miliyan ɗaya da rabi. Wani dillali ya kawo min babura biyu na hannu da araha, sai dai ɗaya ba shi da lamba, ɗayan kuma takardunsa da sunan wani ne. Ina so in ba yara biyu su riƙa kai min kaya, in babu aike su fita nema su kawo min balas kullum. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi.

Sayen babur don kai kaya tunani ne mai kyau, kuma da yawa daga maƙwabtanka a Kwari sun riga ka. Amma ni da kuɗin nan nawa ne, babur ɗaya zan saya, mai takardu da sunana, kuma ba zan ɗora wa kowa balas ba.

Bari in fara da balas ɗin, domin a nan ramin yake. Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birnin Kano da kewayensa. Acaba ta mutu a hukumance tun lokacin, adaidaita sahu ta gaje ta. Na san za ka ce ai kana ganin ana goyo a bakin kasuwa da cikin unguwanni. Haka ne, ana yi. Amma ba soke dokar aka yi ba, kamen ne yake lafawa ya kuma tashi, musamman duk lokacin da maganar tsaro ko ƙwacen waya ta yi zafi. To yaron da ka ce lallai ya kawo maka kaza kafin magariba, daga ina zai samo? Ba daga iska ba dai. Zai ɗaure ledar leshinka a bayan babur, ya tsaya a Mandawari ko Kabuga ya ɗauki mutum. Ranar da aka tare shi, babur naka ne, kayan mai biki ne a kai, kuma kai za a kira. Tarar ma ba ita ce babbar asarar ba. Kwanakin da babur zai yi a tsare, da Hajiyar da ɗinkinta ya makara ta koma wani shagon, su ne.

Saboda haka ka biya yaron albashi, ko da kaɗan ne, ka ƙara masa wani abu a kan kowane aike da ya kai lafiya. Man fetur naka ne, gyara naka ne, babur kuma yana kwana inda ka sani. Ku rubuta wannan a takarda, da shaidu biyu da wani babba da zai tsaya masa, a saka a fili cewa ba goyo, ba bin hannun da ba nasa ba, ba tsallake danja, kuma tarar irin waɗannan a kansa take. Tarar takardu kuwa taka ce, kada ka ɗora masa.

Sai baburan dillali. Araha ba ta ado, kuma a harkar babur na hannu wani lokacin ma ba ta barin mutum ya kwana a gida. Wanda ba lamba ɗin, ka nemi rasit ɗin asali na shagon da aka fara sayensa. Idan aka kawo, ka durƙusa da kanka ka duba lambar da aka buga a wuyan babur, wajen da kan yake juyawa, da wadda ke jikin inji ta ƙasa. Ka goge maiƙon da tsumma, ka haska da fitilar waya, ka bi su harafi da harafi da abin da ke rasit. Ka shafa wurin da yatsa. In ka ji kaushi kamar an goga da magagari, ko ka ga fenti sabo a wurin kaɗai, ko wata lamba ta fi 'yan'uwanta zurfi, ka tashi ka karkaɗe rigarka ka yi musu sallama. In kuma aka ce rasit ya ɓata, mai shi ya yi tafiya, to magana ta ƙare. Satar babur ba baƙon abu ba ne a garin nan, kuma karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa. Ranar da mai shi ya gane abinsa a ƙofar shagonka, dillali ya daɗe da cinye la'adarsa.

Na biyun yana iya zama halas, amma sai mai sunan ya zo da kansa da katin shaidarsa, ku rubuta takardar ciniki, sannan ku je ofishin lasisi a sauya mallaka zuwa sunanka ko sunan kasuwancinka. Kar ka cika kuɗi kafin nan. Mutane da yawa suna hawa da takardun wani shekara da shekaru suna cewa ai ba komai, sai ranar haɗari ko ranar da za su sayar su ga ba su da abin nunawa.

Takardun kansu ba su kai tsadar da ake tsoro ba. Akwai rajista da lamba, waɗanda ake yi ta ofishin lasisi na hukumar tara haraji ta jihar Kano. Akwai lasisin babur ɗin da ake sabuntawa duk shekara. Akwai lasisin tuƙi na yaron, rukunin A, wanda shi ne na babur, ana yinsa na shekara 3 ko 5, kuma sai wanda ya kai shekara 18. Wannan na ƙarshen ka kula da shi, don yawancin yaran kasuwa sun iya babur tun suna firamare amma ba su taɓa riƙe lasisi ba, lasisin mota kuma ba ya maye gurbinsa. A farashin da hukumar haɗin gwiwar haraji ta ƙasa ta fitar a watan Yunin 2025, lambar babur naira 12,000 ce, lasisin tuƙinsa na shekara uku naira 7,000. Akwai 'yan ƙananan kuɗaɗe da ke biyo baya, kuma farashi na motsi, don haka ka je ofis da ƙafarka ka karɓi rasit. Masu tare mutum a bakin ƙofa su ce kawo in yi maka da sauri, a wajensu ake samo lambar da ba ta cikin kwamfuta. Ka kuma gaya wa jami'in gaskiyar aikin da babur zai yi, ya ba ka lambar da ta dace: mai shuɗin rubutu ta hawan gida ce, mai ja ta kasuwanci.

Inshora ita ce abin da mutanenmu suka fi rainawa. Tun 1 ga Janairun 2023 kuɗin inshorar dole ta babur naira 3,000 ne a shekara, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan ɗaya, kuma daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kame a kanta. Ka yi tunanin yaronka ya goge ƙofar wata sabuwar mota a titin Murtala Muhammad, za ka ga dubu ukun nan ba kuɗi ba ne. Abu biyu dai: ka duba lambar babur ɗin a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, ta intanet don ka tabbatar ba ta bogi aka ba ka ba, sannan ka san cewa wannan inshorar ta mutumin da aka yi wa ɓarna ce. Ba ta biyan baburinka, ba ta biyan yaronka, ba ta biyan shaddar da ta faɗa kwata. Kaya masu tsada sosai, gara har yanzu ka saka su a adaidaita ka haɗa da yaron shago.

Dalilin da ya sa nake cewa ɗaya ba biyu ba shi ne dokar titi a Kano ba ta da tabbas, kuma ba ta ba mutum wa'adi mai tsawo. A 2009 aka tilasta hular kwano, har wasu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Shekara huɗu bayan nan sana'ar gaba ɗaya ta tafi. Masu adaidaita da suka gaje su sun shiga yajin aiki a Janairun 2022 kan kuɗin rajistar KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, gari ya cika da masu tafiya a ƙasa. A Yulin shekarar aka hana su aiki daga goman dare zuwa shidan safe, a Nuwamba aka hana su wasu manyan tituna, aka janye da jama'a suka koka. A Legas ma, da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, kamfanonin da suka zuba kuɗi a dubban babura sun ji jiki. Gokada, ɗaya daga cikinsu, ta koma dakon saƙo ne ta tsira. Abin lura shi ne duk wannan guguwar a kan ɗaukar fasinja ta fi sauka, mai kai kaya da takardunsa cikakku ya fi samun sauƙi. Amma sauƙi ba tabbas ba ne, sanarwa ɗaya a rediyo tana iya hana babur wata hanya ko wani lokaci. Don haka kar ka ci bashi a kan wannan, kar ka shiga biya-da-kaɗan-kaɗan mai tsawo, kuma kar ka goge lambar ɗan adaidaitarka daga waya.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka yi wata guda kana rubuta kowane aike: ina aka kai, nawa ka biya, wa ya biya, kai ko mai kaya. Ka haɗa jimla. Sai ka jera albashin yaro, man fetur, baƙin mai, faci, taya, birki, takardu, da wani abu da za ka riƙa warewa don ranar da inji zai nemi bakanike. Idan ragowar ba za ta mayar maka da kuɗin babur cikin shekara guda ko kusa da haka ba, aikenka bai kai ba tukuna. Kana iya haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku a layinku ku riƙe babur ɗaya. Sai dai in abin ya girma har ka buɗe wa jama'a kana karɓar kuɗin kai saƙo, wannan wata sana'ar ce daban, kuma lasisinta a hannun NIPOST, hukumar gidan waya ta ƙasa, yake.

Abin da ya rage cikin miliyan ɗaya da rabin, ka saya wa yaron hular kwano mai kyau da akwatin baya mai makulli saboda damina, ka ajiye kuɗin wata uku na albashi da mai a gefe, sauran ka mayar da shi cikin atamfa kafin kakar biki. In babur ɗin ya yi wata shida aike ya fi ƙarfinsa, sai mu yi maganar na biyu. Allah ya sa albarka.