Ba kowane dundumi ne hanta ke warkarwa ba

Salamu alaikum. Yaya Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce yaron ƙanwarki da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango, an ba shi hanta, an ba shi bitamin A, shiru. Ni na san abin da ke cin ranki, ko sakaci aka yi da cimarsa. Ba lallai ba ne.

Kin ga, can bayan ido akwai ƙwayoyin da ke kama haske, masu aikin dare kaɗai sun kai wajen miliyan 100. Kowace kamar gida ce mai ɗaki biyu. A ɗaya ake ƙera rodofsin, abin da ke cafke hasken, a ɗayan yake aiki. Tsakaninsu ɗan lungu ne, silin gashi ya fi shi kauri fiye da sau 100. To dole sai da 'yan dako. Wani furotin, kinesin, shi ke saɓa kayan yana takawa a kan zare, taku ɗaya nanomita 8, ɗan mitsitsin awon da ido ba ya gani, har ya kai. Wani furotin ɗin kuma, dainin, ya dawo da kayan. A'a, bari in gyara, kayan aikin dakon yake dawowa da su don a sake lodi. Kuma babu hutu, don kullum ana zubar da kusan kashi 10 cikin 100 na ɗakin da rodofsin ke aiki, a sake sabo. Tun 1967 wani masanin kimiyya, Richard Young, ya nuna haka.

Bitamin A wani ɓangare ne na rodofsin ɗin. In 'yan dakon ne suka gaza, ko hantar bijimi guda ya cinye...

Abin da ke ƙona min rai ke nan. Ɗan maƙwabcinmu, shekara huɗu wani mai kemis yana ɗura masa ƙwaya, kwalba bayan kwalba, uwar har akuyarta ta sayar. Ba wanda ya ce a leƙa bayan idon. Yaron kurma ne tun haihuwa, kuma wannan ma alama ce! Ana kiransa ciwon Usher, kuma a wani nau'insa wani ɗan dakon ne, mayosin 7a, ke samun tangarɗa, ido da kunne duk suna buƙatarsa. Gado ne, shi ya sa ya fi fitowa a auren zumunci. Shekara huɗu fa, Yaya.

To dai. Ku kai shi asibitin ido, ku ce a ɗiga maganin buɗe ido a duba can ciki. Ki kuma tambayi ƙanwarki, yana ji sosai in an kira shi ta baya?