Kawu, ga amsar tambayoyinku kan zamanmu a Ingila

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ya iyali, ya sanyin Jos?

Saƙon muryar da kuka turo ya iso, na kuma saurare shi da kyau. Kun yi tambaya ba kwana-kwana: me ya sa in an kira mu ba ma ɗauka sai washegari, me ya sa mutum zai ce wa ɗan'uwansa ya sanar kafin ya zo gidansa, me ya sa aka ga hoton wane goye da yaro yana tuƙa tuwo matarsa tana wurin aiki, sannan ina kuɗin da ake cewa muna kwasa. Na zaɓi in amsa a rubuce kuma a fili, don na san maganar da ake yi ke nan a majalisar ƙofar gidanku a Gangare, ba ku kaɗai ba ne.

Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne, duk hidimar da unguwa ke yi wa mutum kyauta a Jos, a nan sai an tsara ta, an sa mata rana, an kuma biya. A gida in mace ta haihu, kafin azahar gwaggo ta iso, maƙwabciya ta ɗora ruwan wanka, wata ta dama kunun kanwa. In aka yi rasuwa da asuba, kafin hantsi samarin unguwa sun haƙa kabari, an yi sutura an kai. Ba wanda ya taɓa zama ya lissafa kuɗin wannan. Mu da muka zo Manchesta muka wayi gari babu ko ɗaya, shi ya sa muka koma rayuwar kalanda da karo-karo, wadda daga nesa take kama da rowa ko girman kai.

Bari in fara da kuɗin, tunda shi ya fi damun mutane. Mafi ƙarancin albashi a Birtaniya a Afrilun 2025 ya koma fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21. A wannan lissafin, mai aikin awa 40 a mako zai tashi da fam 2,100 da ɗoriya a wata kafin haraji. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, don haka in aka juya lissafin da wancan farashin a Jos sai a ga sama da miliyan 4 a wata, a ce ai wannan ya gama da duniya. To amma kuɗin ba a Farin Gada ake kashe su ba. Gwamnati ta cire haraji da inshorar ƙasa tun kafin su shigo hannu. Hayar gida mai ɗaki biyu na iya cinye rabin abin da ya rage, kuma kafin a ba ka mabuɗi sai ka ajiye kuɗin jingina da ya kai hayar mako biyar. Sai harajin kansil, wato na ƙaramar hukuma, wanda ɗan haya ne ke biya ba mai gida ba. Sai wuta da gas, waɗanda a lokacin sanyi sukan ninka, domin in ka kashe hita don tattali, bango ya yi fumfuna yara su kama tari. Ko talabijin sai da lasisi, wanda a 2025 ya kai fam 174.50 a shekara. Abin da ya saura bayan wannan shi muke rabawa tsakanin cefane, kuɗin makarantar ƙanne, maganin Hajiya, da gudummawar biki. In mutum ya turo fam 50, wallahi sau da yawa awannin barcinsa ya sayar.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani daga gida, kuɗin takardu. Yawancin masu biza sai sun biya harajin lafiya, wanda tun Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro da ɗalibi, kuma dunƙule ake biya na duk shekarun bizar. Miji da mata da yara biyu, bizar shekara uku, ya kusa fam 11,000 kafin a zo ga kuɗin bizar kanta. Masu aikin asibiti da kula da tsofaffi ne aka ɗauke wa. A kan yawancin bizojin nan an rubuta cewa ba ka da haƙƙi a tallafin gwamnati, wato in ka faɗi, ba mai tare ka. Wanda kamfani ya ɗauki nauyin bizarsa kuwa, in aikin ya ƙare, kwana 60 ake ba shi ya sami wani kamfanin ko ya tattara ya bar ƙasar. Ku duba mutumin da ke cikin wannan hali, Kawu: ba zai iya ce wa shugabarsa yana so ya fita ya amsa wayar gida ba. A gidajen kula da tsofaffi da rumbunan kaya, wayar ma a loka ake kulle ta, aiki kuma na awa 12 ne, wani daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Lokacin da kuke kira bayan azahar, yana barcin da zai iya komawa aiki da shi.

Daga nan ne maganar sanarwa kafin ziyara ta samo asali. Ba wai mun daina son baƙo ba ne. In ka zo ba sanarwa, ko dai ka tarar da gida a kulle, ko ka tashi wanda ya kwana a tsaye. Don haka sai mu tsayar da rana tun da wuri, a ce Lahadi kaza gidan wane. Kowa ya zo da kula: wannan masa, wancan miyar taushe, wani dambun nama da ya yi da hannunsa, domin doka ta hana shigo da nama da madara daga Najeriya, kilishin da ake ba mu tsaraba a filin jirgi ake ƙwace shi. Naman halal ba ya wahala, shagunan 'yan Pakistan sun cika Cheetham Hill da Longsight, doya da manja kuma suna shagunan 'yan Kudu a Moston. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya ne sai an yi sautu. A ranar da aka haɗu, ɗan ƙaramin falo zai cika maƙil, takalma jibge a bakin ƙofa, rigunan sanyi tsibi a kan gado, a yi ta hira har isha. Amma ko a nan ana sa ido kan hayaniya, domin bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, kuma yana da lambar da zai kira.

Shi kuwa wanda aka gani da goyo, ni dai jinjina nake masa. Kuɗin gidan reno na yini guda na iya cinye kusan abin da uwar ta samo a ranar, ba kuma 'yar aiki, ba ƙanwar mata, ba kaka. Barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida laifi ne da kan kai ga hukuma ta shigo maganar. Sai ma'aurata su raba: ita ta yi aikin rana, shi ya yi na dare, su yi musayar yara a bakin ƙofa. Namijin da ya ce shi ba ya shiga kicin, 'ya'yansa za su kwana da yunwa. Ba zan ɓoye muku ba, wannan canji ya kashe aure da dama, musamman inda miji ya zo da tunanin albashin matar nasa ne, ko matar ta ga ta tsaya da ƙafarta ta daina ganin girmansa. Gidajen da suka zauna lafiya su ne waɗanda aka baje lissafi a fili tsakanin mutum biyu. Dattawan da muke da su kaɗan ne, amma suna sulhu, mukan kuma kira iyaye a gida ta bidiyo su sa baki.

Tarbiyya ita ce ta fi hana ni barci. A nan in yaro ya je makaranta da shatin bulala, malamarsa dole ta kai rahoto, ma'aikatan kula da yara kuma za su ƙwanƙwasa ƙofa. A Scotland tun 2020, a Wales tun 2022, dukan yaro kowane iri haramun ne a doka. Mun koyi zama da yaro a yi magana, a hana shi abin da yake so in ya yi laifi, kuma na ga yana aiki fiye da yadda na zata. Harshe ne ke kuɓuce mana. Yaro ya wuni a makaranta da Turanci, ya dawo iyaye a gajiye, sai ka ga yana jin Hausa amma amsa da Turanci. In kun yi masa magana a waya ya yi shiru, ba raini ba ne, kunya yake ji kada a yi masa dariya. Ina roƙonku ku riƙa jan su da hira a hankali, ku daina cewa sun zama Turawa, domin kalmar tana yi musu ciwo. Muna da Islamiyya ranar Asabar da Lahadi a ɗakin taro da muke haya da karo-karo, wasu kuma sun ɗauki malami daga Jos yana yi wa yara karatu ta waya. Game da rashin zuwanmu biki da iyali: in ka cire yaro daga makaranta ba izini, tarar tana farawa daga fam 80 a kan kowane uba ko uwa, kan kowane yaro. Dogon hutu kuma ƙarshen Yuli zuwa Agusta ne, daidai lokacin da kuɗin tikitin jirgi ke tashi.

Ibada tana nan, sai dai da dabara. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk su riske ka a wurin aiki cikin awa huɗu. A shekarun 2015 zuwa 2017 da azumi ya faɗo a Yuni, an yi ta kai awa 18 zuwa 19 ba ci ba sha. Ba a jin kiran salla a unguwa, waya ce ladaninmu. Ranar Salla ba hutu ba ce, sai ka nemi izini tun da wuri, ga shi masallatai ba sa haɗuwa kan ganin wata, wasu su bi Saudiyya wasu su bi Maroko. Yanka rago a tsakar gida kuwa ba ya yiwuwa, sai a mayankar da ke da lasisi, shi ya sa yawancinmu gida muke turo kuɗin layya.

Inda za ku gane ko zumunci ya mutu ko yana raye shi ne ranar rasuwa. A nan ba a binne mutum sai likita ya tabbatar da dalilin mutuwa an yi mata rajista, in kuma mutuwar fuju'a ce sai jami'in binciken gawa ya saki, abin da kan ɗauki kwanaki. Kabari saye ake yi, da hidimarsa dubban fam ne, kai gawa gida kuma ya fi haka. Mutumin da ya zo bai daɗe ba, ba shi da ko sisi a ajiye, ina matarsa za ta samo? Shi ya sa muke da asusun jana'iza, kowa na zuba abin da aka yanka masa. Da an sanar a zauren WhatsApp, kafin dare kuɗi sun taru. Masu mota su yi jigila, waɗanda suka iya wanka su je masallaci, mata su raba kwanakin girki a gidan makoki, wani ya karɓi yaran ya riƙa kai su makaranta. Na ga mutanen da suka sauka daga aikin dare suka wuce maƙabarta kai tsaye cikin ruwan sama, idanu jawur, don kawai sahu ya cika wa bawan Allah da ba su taɓa gani ba sai a hoto.

Wani abu kuma da ya kamata mutanen Jos su ji. Ƙidayar 2021 ta nuna haifaffun Najeriya a Ingila da Wales sun kai kusan 270,000, amma akasarinsu Yarbawa ne da Ibo, waɗanda suka riga mu kafuwa, har Musulmin cikinsu suka kafa masallacinsu a Old Kent Road a Landan. Mu masu Hausa tsiraru ne, don haka duk wanda ya ce sannu a bas ɗan'uwa ne: ɗan zangon Kumasi, ɗan Maraɗi, ɗan Sudan, da kuma Birom da Angas da Tarok na Filato. Kun san yadda rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 suka raba garinmu, har mutumin Unguwar Rogo ya daina shiga wasu unguwanni da dare. A nan 'yar Bukuru mai zuwa coci ita ke riƙe wa matata yara in aiki ya haɗe mana, mu ma mu riƙe mata nata ranar Lahadi, a ci gwate tare ana tuna kasuwar Taminus kafin ta ƙone a 2002. Duk sanda na ga haka sai in ji takaicin abin da muka yi asara a gida.

Saura maganar autanku da kuka ce yana matsa muku a sayar da filin Rikkos. Kawu, don Allah ku dakata. Ƙofofin da mutane suka bi a 2022 da 2023 yawanci an rufe su. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na kwas ba ya zuwa da iyali. Tun Maris na 2024 mai aikin kula da tsofaffi ba ya zuwa da mata da yara, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya. Duk dillalin da ya ce a kawo miliyoyi zai samo takardar ɗaukar nauyin irin wannan aiki, damfara ce, kuma muna da mutane a nan da suka biya suka iso suka tarar babu aikin. In karatu zai zo, awa 20 kacal doka ta yarda ya yi aiki a mako lokacin zangon karatu, wanda ba zai biya kuɗin makaranta ba, da ƙyar ma ya riƙe haya da abinci. In har yana da kuɗin karatun a hannu ba tare da an taɓa filin ba, ko yana da sana'ar da ake nema kamar aikin jinya, to sai mu zauna mu duba. Ku ce ya turo min takardunsa da duk abin da dillalin ya rubuta masa kafin a biya ko kwabo, ni kuma zan kira ku ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku mu yi maganar da shi yana wurin.

A gaida Inna da sauran mutanen gida. Allah ya bar zumunci.