Ga 'yar'uwar da ke neman man shafawa na gyambon yatsa

Wallahi 'yar'uwa, da na ga kina tambayar wane mai za ki shafa wa gyambon da ya fito miki a kan yatsa, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Nawa ma a hunturu ya fara, ɗan tsagewa a bakin manuniya, bayan yatsun sun yi farin nan da shuɗin nan da muka saba, mu masu sikilorodama, cutar nan da ke taurara fata ta kuma takure hanyoyin jini.

Wani mai kemis a unguwarmu ya ce ɗan karkare ne. Na ce masa ina da sikilorodama, ko ɗago kai bai yi ba. Ya tsiyaya min sifirit, ya ɗauko reza wai zai fitar da mugunya. Babu mugunya, jinin ma da ƙyar ya fito. Daren nan ban runtsa ba, na saki hannun a gefen gado ina kuka a hankali don kada yara su ji. Wata huɗu 'yata ke ɗaura min zani. Har yau in na bi ta ƙofar shagon nan gabana faɗuwa yake.

Don Allah ki raba ciwon da sifirit da toka. Ki wanke da ruwan gishirin asibiti, ki rufe da filasta mai riƙe danshi, hydrocolloid, kada ya bushe ya tsage. In nas za ta kankare mataccen nama, ki roƙa a fara shafa lidocaine, maganin kashe zafi, kada ki ji kunya, zafin ba na wasa ba ne.

Man nitroglycerin kuma a gindin yatsa likitana ya ce in shafa, ba cikin ciwon ba, don ya buɗe hanyoyin jini. Ciwon kai ya sa ni sosai. In kina shan ƙwayar sildenafil, wadda ita ma take buɗe hanyoyin jini, kada ki kuskura ki haɗa su, jini zai faɗi ƙasa warwas.

Gaskiya dai shafawa kaɗai ba ta warkar da ni ba, tunda jinin ne ba ya kaiwa. Sai da aka ƙara min nifedipine, ƙwayar da ke buɗe hanyoyin jini, bakin ciwon ya fara haɗewa. Alwalar asuba ki ɗuma ruwa, ni a fulas nake kwana da nawa. Wanki kuwa ki bar wa wani, ko za a ce kin cika son jiki, ni ma dangin miji sun faɗa.

In kin ji wari, ko kin ga mugunya ko baƙi, ko zazzaɓi ya zo, ki tafi asibiti a ranar, yana iya kaiwa ƙashi. Naki a bakin yatsa yake ko a kan gaɓa?