Amsa ga ɗan ƙanwata kan sa wa daji wuta da hunturu

Ɗana, saƙonka ya iso ni nan unguwar Aboabo a Kumasi ta ƙasar Ghana, kuma na fahimci tambayarka. Ka ce 'yan ƙwadagon da ke aiki a gonarka ta wajen Ejura sun matsa maka ka bar su su sa wa ciyawar bayan gonar wuta yanzu cikin Janairu, suna cewa haka aka gada kaka da kakanni, ga naman daji da za a samu, ga kuma toka da za ta zama taki. Kai kuma kana son sanin ko hana su zai zama saɓa wa al'ada.

Ka hana su, kuma kada zuciyarka ta yi maka nauyi. Gaskiya ne iyayenmu sun yi aiki da wuta a gona da daji, amma abin da suka gada ba cinna wuta ba ne kurum, akwai lokacinta, akwai mai ba da izini, akwai kuma masu tsaronta har ta mutu. Manomi a ƙasar Hausa idan ya zo sharar gona dab da damina, yakan tara kara da ƙirare tsibi-tsibi a tsakiyar gonarsa, ya ƙona su da yamma bayan iska ta kwanta, yana tsaye da ɗanyen reshe a hannu. Farauta kuwa sai da yardar sarkin dawa da dattawan gari ake fita, bayan an kai amfanin gona gida kakaf, an sanar da maƙwabtan ƙauyuka. Ko makiyayan da ke ƙona ciyawa domin toho ya fito wa shanu, masu hankalinsu a farkon kaka suke yi, wajen Nuwamba, lokacin da raɓa ke sauka kuma ciyawa na da sauran ɗanyantaka. Irin wannan wuta a hankali take tafiya, tana barin tsibirai na ciyawa a bayanta, dare na yi sai ta mutu da kanta.

Wutar Janairu daban ce. Iskar hunturu tana tasowa ne daga arewa maso gabas, ta ratso hamada ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take, kuma ba ta barin laima a jikin komai. Kai ma ka ga yadda leɓe ke tsagewa, ƙyauren katako ya saki. To, haka gamba da tofa suke bushewa a tsaye, ga kuma ciyawar nan da mutanen ƙasar nan suka sa wa sunan Acheampong, wadda idan ta bushe take ci kamar an zuba mata kananzir. Da hantsi, idan iska ta tashi, za ka ji karan gamba na fashewa tun daga nesa, shirwa na shawagi a saman hayaƙi tana cafke farar da ke gudu, tartsatsi kuma ya tsallake hanyar mota ya kama ɗaya gefen kafin mutane su juya. Mutum goma da rassa ba za su tare ta ba. Ƙasarku ta Ejura fili ce shimfiɗaɗɗiya, haka ma filayen Afram da ke gabas da ku, babu abin da zai rage wa wuta gudu sai kogi.

Mu da muka ga 1983 ba ma buƙatar a ba mu labari. Damina ta gaza tun 1982, hunturu ya yi tsawo, wuta ta ci daga arewa har cikin kurmin Asante da Brong Ahafo, inda a da ake ganin ba ta iya shiga, ta cinye gonakin koko da na abinci. A farkon shekarar ne kuma gwamnatin Shagari ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya, suka dawo suka tarar da rumbuna babu komai. A nan Kumasi mutane sun yi layin sayen ɗanyen dokunu, abincin nan na ƙullun masara, wanda ba a ma dafa ba, su kai gida su dafa da kansu, ƙashin wuyan manya da yara ya fito fili. Bayan wannan ne hukuma ta kafa doka, sannan a 1990 aka zo da Doka ta 229 ta gwamnatin soja ta PNDC, wadda ta haramta sa wa daji wuta, ta tanadi tara ko ɗauri, ta kuma ce a kafa 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa. Dokar ta bar manomi ya ƙona sharar gonarsa, da sharaɗin wutar ba za ta wuce iyakarsa ba. Ka lura, kusan abin da kakanninmu ke yi ke nan.

Maganar toka kuwa ba ta da ƙarfi. Iskar da ta hura wutar ita za ta kwashe tokar, ƙasa ta zauna tsirara har ruwan farko ya zo ya wanke ta. Tofa, wadda saiwarta ke can ƙarƙashin ƙasa, ita ce ke fara fitowa bayan wuta, sai ka ga ka ƙara wa kanka noma. Ƙananan itatuwan kaɗanya da ɗorawa su mutu, manyan su ƙi yin 'ya'ya da kyau, kashun da ka dasa kuma yanzu ne yake fure. Duk wannan saboda gafiya da gyazbin da ba za su cika tukunya biyu ba.

Addini ma bai bar mu haka ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wuta abokiyar gaba ce, a kashe ta idan za a kwanta. An kuma ruwaito ya yi hani da ya ga an ƙona gidan tururuwa. Wanda wutarsa ta cinye doyar maƙwabci, haƙƙi na kansa ko da hukuma ba ta kama shi ba.

Akwai abin da ya fi damuna game da kai musamman. Mu 'yan zango baƙi ne a kan ƙasar noma, aro ko haya muka samu daga sarakunan wurin, kuma idan wuta ta tashi daga gonar Bahaushe ta ci ta ɗan gari, ba sunanka kaɗai za a kira ba, duk Hausawan yankin za su sha magana, wasu ma a karɓe gonakinsu.

Saboda haka ka sa yaran nan su share kewayen gonar da na rumfar doya, faɗin kamar taku goma, har ƙasa ta fito, su janye busasshiyar ciyawar zuwa ciki, ka biya su ladan wannan aiki dabam. Ka hana dafa abinci da shan taba a gefen ciyawa. Ka je ka gai da sarkin ƙauyen, ka tambayi shugaban 'yan sa-kai ranar da suke ba da izinin ƙona shara bayan ruwan farko na Maris, ka roƙi su tsaya maka a ranar. Idan nama yaran ke so, tarko da karnuka sun ishe su.

Ka gai da mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe Ejura bayan Juma'a in Allah ya yarda, zan duba sharar da idona.