Dainamon Tsohuwar Bitil da Kik Mai Ƙas

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na gaji Volkswagen Bitil ƙirar 1969 daga mahaifina. In tana silo, jar wutar caji sai ta riƙa ƙiftawa, da safe kuma in na murɗa makulli, kik ya ce "ƙas" ya yi shiru. Mai rewaya ya ce in cire dainamo in sa altaneta. In yarda? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba. Kada ka taɓa dainamon nan tukuna.

Ƙiftawar jar wuta a silo ɗabi'arsa ce. A cikinsa akwai amaca, wato naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, tana juyawa tsakanin kwayil biyu masu zama maganaɗiso. Wutar da aka samu tana fitowa ta wani zobe mai tsaga-tsaga a ƙarshen amacar, inda kabon biyu ke goga suna kwashewa. Yawan wutar ya dogara da saurin juyi, shi ya sa a cunkoso kusan ba ya caji. Da wutarsa ta gaza ta batir, kat-awut, wato ɗan makunni mai yanke wuta da kansa, zai raba su, don kada batir ya juye masa wuta. A lokacin ne ake ganin jar wutar. Taka totur kaɗan: in jar wutar ta mutu, kuma mita ta nuna bolt 13.5 zuwa 14.5 a kan batir mai bolt 12, lafiyarsa ƙalau.

Amma in jar wutar ta kama kana cikin gudu, tsaya nan take. A Bitil, fankar da ke sanyaya injin a kan sandar dainamon take. Fanbel ya tsinke, caji ya tafi, iska ma ta tafi, kuma injin da ba shi da lagireto ba ya jira.

Shi kuwa kik, ƙirarsu kusan ɗaya da dainamo, sai dai shi wuta yake ci ya ba da juyi. Wayarsa kauri gare ta, yana jan amfiya sama da ɗari cikin ƙiftawar ido. "Ƙas" ɗin da kake ji solonoyid ne, wato makunnin maganaɗiso da ke jikin kik, ya tura ɗan giya cikin haƙoran filawil, faifan da ke juya injin, amma wutar da za ta juya injin ba ta iso ba. Ɗaga kujerar baya, batirin yana nan ƙarƙashi, ka kankare kawunansa. Sannan a duba faffaɗar wayar at, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, da ta haɗa giyabos da bodi. Tsatsa a nan ta sa mutane da yawa sun sayi sabon kik a banza. Akwai kuma ɗan bushi a jikin giyabos da ke riƙe bakin sandar kik. In ya cinye, kik zai riƙa ja da nauyi.

In har za a canza kik, a lura: Bitil ta fara komawa bolt 12 ne a 1967, kuma filawil ɗin mai bolt 6 haƙora 109 gare shi, na mai 12 kuwa 130. Ba sa shiga juna.

Altaneta ya fi caji a silo, gaskiya ne, kamfanin ma ya koma gare shi a shekarun 1970. In kullum cikin gari kake da fitila a kunne, sa shi. In fitar Juma'a da biki ce kawai, sabon kabon da wanke zoben sun isa. A tuna wa mai rewaya ya ɗan taɓa wa dainamon wutar batir bayan ya mayar da shi, don maganaɗisonsa ya daidaita kafin a tayar da injin.