Ba a gurup ake gyara mutum ba

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, wai an ba ka shugabancin fadarku ta samari can unguwar Zango, ka kira aikin yashe magudana kafin ruwa ya sauka mutum huɗu kawai suka fito, ka zazzage su a gurup ɗin WhatsApp, yanzu wasu ko gaisuwarka ba sa amsawa, shi ne kake tambaya da can yaya manya ke sa mutane aiki ba a ƙullace su ba.

To gurup ɗin nan shi ne ya ɓata maka. Mutumin Damagaram zai kwana da yunwa bai ce komi ba, amma ka tsinka shi gaban sa'o'insa, wallahi sai ya shekara da abin a ransa. Gaskiya ne gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a kunne ake faɗinsa ba a tsakiyar kasuwar Dole ba.

Bari in ba ka nawa. Zamanin shugaba Kunce, bayan juyin mulkin 1974 da aka tada samariya, wato ƙungiyar samari ta aikin gayya, mu ne ke kwaɓa ƙasa muna yin tubalin ajin lakwal a nan Birni. Wata rana na ƙi fita, ƙiwa ce kawai ba wani dalili. Sarkin samarinmu bai ce mini uffan ba, da muka haɗu a masallaci ma hannu ya ba ni har da tambayar jikin tsohuwa. Bayan magariba sai ga taubashina ya shigo, ya shanye mini fura tas, ya kama hannuna yana jujjuyawa wai ashe gaskiya ne abin da ake faɗi, ya yi laushi kamar na amarya, bari a nemo lalle. Dariya na yi amma barci bai zo ba, da asuba ni na riga kowa zuwa bakin ramin. Sai daga baya na gane aiko shi aka yi. Amfanin abokin wasa ke nan, ya faɗa maka mai ɗaci ba ka da damar fushi, kamar Babarbare da Bafulatani. Wannan wasan namu na Nijar har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin gadon duniya a 2014, ku kuma kun mai da shi abin barkwanci kurum.

A gayya ma haka, makaɗi na gaba yake bi da kirari, ba ya kiran sunan na baya, na bayan da kansa zai ƙara wuta. Kuma mai gayya shi ke fara duƙawa.

Yanzu ka goge abin da ka rubuta. Ka bi su gida ɗaya ɗaya bayan isha'i, kar ka tada zancen sai an sha shayi. Wanda ya fi taurin kai cikinsu ka ce shi zai sa rana kuma shi zai riƙe kuɗin aron shebur da baro. Mutum huɗun da suka fito kuwa ka yaba musu gaban kowa, wannan kam a gurup ɗin za ka yi shi.

Ka gaida mini mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe ran Juma'a in Allah ya kai mu.